Diwanin da ba shi da shekarar bugu

Na daɗe da lura cewa ƙagaggun labarai da waƙoƙin da marubutan yankuna ke wallafawa ba rashin inganci ke binne su ba, rashin mai yin maganarsu ne. Akwai wani ƙaramin diwani, wato littafin tarin waƙoƙi, a hannuna wanda bangonsa ya fara yagewa, babu shekarar bugu a jikinsa, balle lambar ISBN mai alƙaluma 13 da ɗakunan karatu ke bi su gano littafi, alhali baitocinsa sun cancanci a haddace su. Shi ya sa nake rubuta sharhi a kan irinsa, ina kawo baiti ɗaya ko biyu domin mai karatu ya ɗanɗana, musamman ranar 21 ga Maris, wadda UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta keɓe wa waƙa tun 1999.