Zobban ƙarfe a bakin ginshiƙi

Laraba, Zinder.

Gobe za a zuba kankare a benen da nake duba wa wani Alhaji a Zango, don haka tun da hantsi na hau tsani na leƙa cikin katakon da za a zuba kankaren a ciki. Azarar kankaren da za ta ɗauki saman shagon mita 5 ce. Dogayen ƙarafan ƙasa suna nan daidai, amma zobban da ke rungume da su an jera su tazara ɗaya, santimita 25, daga wannan ginshiƙi har wancan. Gabana ya faɗi.

Na ce wa mai ɗaurin ƙarfe, "Baba, a matse zobban nan a bakin ginshiƙai." Ya ce, "Ɗana, ai a tsakiya abu ke karyewa."

Da gaskiyarsa. In nauyi ya hau, azara tana lanƙwasa, samanta ya matse, ƙasanta ya miƙe, kuma a tsakiya abin ya fi tsanani. Kankare na jure matsi, amma wajen ja ƙarfinsa bai wuce kusan kashi 1 cikin 10 na wancan ba, shi ya sa ake shimfiɗa ƙarfe ta ƙasa. In an ninka tsawo, ƙarfin da ke lanƙwasa azarar sau 4 yake ƙaruwa. Magabatanmu na Birni sun san haka: azarar giginya ba ta nisa ita kaɗai, sai su tayar da baka, wato gini mai lanƙwasa kamar bakan gizo, ta ɗauki rufin soro.

Sai dai akwai wani ƙarfin da ya fi ba ni tsoro. A bakin ginshiƙi, nauyi na danna ƙasa, ginshiƙi na tokarewa sama, kamar almakashi. Tsagar da yake yi a karkace take, wajen digiri 45, kuma zobba ne ke ɗinke ta. Lanƙwasa tana gargaɗi, ka ga azara ta yi ciki, ka fitar da mutane. Wannan kuwa lokaci guda take yankewa, da mai shago da yaransa a ƙasa.

Na zana masa tsagar da gawayi a jikin katako. Ya yi shiru, sannan ya aiki yaronsa ya ɗauko waya.

Alhaji ya zo bayan la'asar, ya ji za a ƙaro ƙarfe, ya ɗan ɓata fuska. Na ce, "Ranka ya daɗe, sanda biyu ce." Ya amince. Kafin magariba mun matse zobban zuwa santimita 10 a kowane baki. Na kuma roƙe shi kada a cire tokaran da wuri, domin sai ya kwana 28 kankare ke cika ƙarfinsa, kuma a wannan zafin dole a riƙa ba shi ruwa safe da yamma.