Harafin M da ya hana ni barci

Kawuna yana sana'ar hatsi da wake a Kasuwar Dole ta Damagaram. Wata rana ya miƙo min littafin lissafinsa, duk ya sha maiƙo, ya ce, "Kai ɗan boko, zuba min wannan a kwamfutarka."

Da Python, wani harshen ba kwamfuta umarni, na tsara shi. Jerin garuruwa: Mirya, Matamai, Magarya. Kowane gari da jerin ranakun kasuwarsa, kowace rana da jerin buhunanta. Jeri cikin jeri, kamar yadda Inna ke shirya ƙorai, ƙarama cikin babba. Umarnin da na rubuta kuwa gajere ne: abin da ya buɗu, buɗe shi ka shiga; in ka iske lamba, ƙara ta.

Sai shirin ya ƙi. Har bayan isha'i ina zaune a tsakar gidanmu a Birni, sauro na cizo na, ina neman inda na ɓata. Ashe sunan gari ne. Python tana ɗaukar "Mirya" a matsayin jerin haruffa, to ta buɗe, ta iske M. M ɗin ma jeri ne mai harafi ɗaya. Ta buɗe, M. Ta sake, M. Sai da ta nutsa wajen hawa 1000 sannan ta sallama.

Na ɗauka shirmen Python ne, ashe tsohuwar gardama ce ta masana lissafi: ina gindin jeri yake? Trenchard More na kamfanin IBM ya shimfiɗa ƙa'idojin jeri cikin jeri a 1973, kuma a wurinsa in ka sa lamba guda cikin akwati, ita ɗin dai za ta dawo maka. Harshen kwamfuta APL2 na 1984 haka ya bi. Harshen J, na Kenneth Iverson da Roger Hui, ya ƙi yarda: 5 cikin akwati daban, 5 tsirara daban. Ni dai ina bayan J, don buhu ba hatsi ba ne.

Na gyara: na fara tantance abin da ba a buɗewa, suna da lamba, kafin komai.

Washegari wata ta ɓullo. Ranar da ba a sayi ko tiya ba jeri ce wayam. Jimillarta 0, amma neman matsakaici ya sa aka raba da 0. Na yi wa Kawu bayani. Ya ce, "Ranar da ban fita ba ma sai ka lissafa ta?"