Gidan Sayarwa a Titin Fournier da Tambayar Wa Zai Zauna a Cikinsa

Duk ranar Juma'ar da na samu sarari nakan je sallah a babban masallacin Brick Lane da ke gabashin Landan, kuma hanyata takan bi da ni ta titin Fournier, wani gajeren titi a unguwar Spitalfields wanda coci ya tsaya a bakinsa na yamma, masallaci kuma ya tsaya a bakinsa na gabas. A makonnin nan ne na ga an sa ɗaya daga cikin tsofaffin gidajen titin a kasuwa, na nemi tallar dillalan na karanta, na kuma daɗe ina kallon hotunan. Kuɗin da ake nema fam miliyoyi ne, irin kuɗin da malamin makaranta ko direban bas a birnin nan ba zai tara ba ko da bai ci bai sha ba har ya yi ritaya. Tun daga ranar maganar gidan ta ƙi barin raina.

Ba zan ɓoye ba, gidan yana da kyau ƙwarai. Dogon bene ne siriri na jan bulo mai hawa da yawa, manne da maƙwabtansa hagu da dama, an lulluɓe bangon ɗakunansa da katako tun daga ƙasa har sama, kowane ɗaki da murhunsa na jin ɗumi, matakalar kuma ta ɗan karkace saboda tsufa. A can ƙololuwa akwai ɗaki mai faffaɗan tagogi waɗanda suka kusan cinye bangon gaba ɗaya. Dillalan sun nuna shi a matsayin wurin hutawa da karatu, amma ba don hutu aka buɗe waɗannan tagogi ba. An yi su ne domin masaƙi ya samu hasken rana daga safe har faɗuwarta, saboda zaren siliki siriri ne, kuma saƙarsa ba ta yiwuwa a duhu.

Yawancin gidajen titin an gina su ne a shekarun 1720. Waɗanda suka fara zama a cikinsu Faransawa ne Kiristoci mabiya ɗariƙar Furotesta, waɗanda ake kira Hugunot, da suka gudo daga ƙasarsu bayan Sarki Louis na 14 ya soke dokar da ta ba su 'yancin addini a 1685. Sun zo da sana'ar saƙar siliki a hannu, wasunsu suka yi arziki suka zama manyan fatake, da yawa kuma suka ƙare rayuwarsu a bakin aiki suna yi wa wasu saƙa. Su ne suka gina ɗakin ibadar da ke kusurwar titin a 1743. Ginin ya koma hannun Kiristoci 'yan ɗariƙar Methodist a 1819, ya zama wurin ibadar Yahudawa a ƙarshen ƙarni na 19 lokacin da suka kwararo daga daular Rasha suna tsere wa kisan gilla, sannan a 1976 Musulmin Bangaladash, galibinsu mutanen yankin Silhet na ƙasar, suka mayar da shi masallaci. Har yau agogon rana na farko yana nan a jikin bangon, ɗauke da rubutun Latin mai ma'anar "mu inuwa ne". A cikin wannan gini nake yin sujada, shi ya sa nake jin cewa ina da bakin magana a kan titin, ko da yake ba ni da ko taku ɗaya na ƙasa a cikinsa.

Abin da tallar ba ta tsaya a kansa ba shi ne dalilin da ya sa gidan ya kai yau da katakonsa na asali. Talauci ne ya yi masa gadi. Bayan yarjejeniyar ciniki da Faransa ta 1860 ta buɗe ƙofa ga siliki mai araha daga waje, sana'ar ta durƙushe, masu hali suka tashi, aka raba gidajen ɗaki-ɗaki ga 'yan haya. Daga baya suka zama wuraren ɗinki, inda telolin Yahudawa da masu aikin fata, sannan 'yan Bangaladash bayansu, suka jera kekunan ɗinki a ɗakunan da a yau ake ɗaukar hoto da fitila mai laushin haske. Masu gidajen ba su ga ribar kashe kuɗi a kan gyara ba, don haka ba wanda ya ɓamɓare katakon ya sa na zamani. A unguwannin masu kuɗi an yi ta sabunta gidaje har asalinsu ya ɓace, a nan kuwa an bar su ne kawai saboda an raina mazaunansu. Abin da ake sayarwa a yau da tsada haka, wato tsufan da ba a taɓa ba, sakamakon wannan raini ne. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Duk da haka ba zan zalunci waɗanda suka ceci gidajen ba. A 1977 wasu masana tarihin gine-gine, cikinsu har da Dan Cruickshank da Mark Girouard, suka kafa ƙungiyar Spitalfields Trust, suka shiga wasu gidaje a titin Elder da ke kusa suka tare a ciki domin hana a rushe su. Ba don su ba, da yawancin unguwar ta zama dogayen ofisoshi na gilashi irin waɗanda suka yi mata ƙawanya daga ɓangaren titin Bishopsgate. Mutanen da suka sayi gidajen a wancan lokaci sun same su ruwa na zuba ta rufi, sun kuma kwashe shekaru suna gyara da hannunsu. Ina girmama wannan aiki. Amma a daidai waɗannan shekaru, iyalan Bangaladash a unguwar suna shiga kangayen gidajen hukuma su zauna ba da izini ba saboda ba su da wurin kwana, kuma a ranar 4 ga Mayun 1978 aka kashe Altab Ali, matashi mai aikin ɗinki, a kan hanyarsa ta komawa gida daga aiki, saboda launin fatarsa. Gwagwarmaya biyu aka yi a wuri ɗaya a lokaci ɗaya, ɗaya domin bulo da katako, ɗaya domin rai da makwanci. Ta farkon ce kaɗai take shiga takardar talla.

Sauyin ya ƙara sauri bayan an ɗauke kasuwar kayan lambu da 'ya'yan itace ta Spitalfields zuwa Leyton a 1991. Manyan motocin da ke sauke kaya da tsakar dare suka daina zuwa, hayaniya da shara suka ragu, ma'aikatan bankunan da ke tafiyar 'yan mintoci a ƙasa daga wurin suka farga da cewa ga gidaje masu tarihi a bayan ofisoshinsu. Shagunan kofi da na tsofaffin tufafi masu tsada suka maye gurbin shagunan yadi da na fata. Ko a 2021, da aka amince da gina cibiyar kasuwanci da ofisoshi a harabar tsohon kamfanin giya na Truman, dubban mutane sun rubuta ƙin amincewa, amma aka wuce da maganar. Duk wannan yana faruwa ne a ƙaramar hukumar Tower Hamlets, wadda ta daɗe tana cikin wuraren da talaucin yara ya fi tsanani a Birtaniya, inda dubban iyalai ke jiran gidan hukuma shekara da shekaru.

Idan aka tambaye ni ko gidan ya cancanci kuɗinsa, zan ce a lissafin kasuwa ya cancanta, domin irinsa kaɗan ne suka rage kuma ba za a ƙara gina wasu ba. Sai dai mai saye ya san abin da zai ɗauka. Gidajen nan suna cikin rajistar gine-ginen tarihi, ba a canja taga ko a fasa bango sai da izinin hukuma, sanyi yana shiga ta tsofaffin tagogi, matakala ba ta yi wa tsoho ko mai ciwon gwiwa sauƙi, ga harajin sayen gida da ke kai kashi 12 cikin 100 a kan abin da ya haura fam miliyan ɗaya da rabi. Wanda ya iya ɗaukar wannan duka ba ya buƙatar shawarata a kan kuɗi. Damuwata ita ce ko zai zauna a ciki. Na fi tsoron mai sayen da zai ɗauki gidan ajiyar dukiya, ya rufe tagogin katako ya tafi wata ƙasa, ya dawo sau biyu a shekara. Gidan da aka rufe ba ya amsa sallama, ba ya sayen burodi a shagon kusurwa, ba ya kai yaro makarantar unguwa, kuma a wurinmu maƙwabci yana da haƙƙin da ba a sauke shi daga nesa.

Juma'ar da ta wuce na fito daga masallaci tare da wani dattijo ɗan Silhet da muka saba gaisawa. Da muka zo daidai gidan sai na nuna masa, na ce, "Baba, ka ga an sa wannan a kasuwa." Ya ɗaga kai ya dubi tagogin saman na ɗan lokaci, sannan ya gaya mini cewa a irin wannan ɗaki, a wani gida a bayan titin, ya yi shekarun samartakarsa yana ɗinka rigunan fata, su bakwai a ɗaki ɗaya, da rana aiki da dare kwana. 'Ya'yansa duka sun koma Barking da Dagenham, can gefen gabashin Landan, saboda haya a nan ta fi ƙarfinsu, shi ma ya bi su, amma bai iya canja masallaci ba. Na raka shi har tashar Aldgate East, yana tafiya a hankali yana dogara sanda, ya ce in Allah ya kai mu mako mai zuwa zai nuna mini ƙofar gidan da ya yi aikin.