Sabar gidanmu ta ƙi tashi

Yau da azahar ina cikin sabunta tsohuwar kwamfutar da na mayar sabar gida, wato ma'ajiyar fayilolinmu, daga manhajar Ubuntu 22.04 zuwa 24.04, sai wuta ta ɗauke mana a unguwar Zengo, nan Damagaram. Da ta dawo, na'urar ta tsaya a baƙin allo. A cikinta kuwa akwai muryar marigayi Baba yana karatun Alƙur'ani. Hajiya ta leƙo ta ce, "Ɗan nan, muryar Malam dai tana nan ko?" Wallahi gabana ya faɗi.

Da filashi na tada ta, umarnin dpkg --configure -a ya ƙarasa aikin da ya katse, faifan ajiyar bayanai bai taɓu ba, alhamdu lillahi. Amma faifai ɗaya bai isa ya riƙe wannan amana ba, gobe zan nemo na biyu a Kasuwar Dole.