Tambayar da malam ya rubuta min da jan biro

Semestan da ya wuce aka ba mu aikin gida a kwas ɗin kwatanta tsarin gwamnatoci, kowa ya ɗauki ƙasa ɗaya mai tarayya da majalisa da sarki, ya faɗi wa ke riƙe da iko a cikinta. Ni Ostireliya na ɗauka. Na sauke kundin tsarin mulkinsu wanda ya fara aiki a 1901, na zauna na karanta shi tsaf, sashe na 61 ya ce ikon zartarwa na Sarauniya ne, wato mai sarautar Birtaniya, kuma gwamna janar ke aiwatar da shi a madadinta, sashe na 64 ya ce shi ke naɗa ministoci kuma suna kan kujera ne muddin yana so. To me ya rage? Na cika shafi shida cewa gwamna janar ne mai wuƙa da nama.

Da takardar ta dawo sai na ga malam ya ja layi da jan biro a ƙasan sakin layi na biyu, a gefe kuma ya rubuta kalma biyu kacal: "Ina firaminista?" Na koma kundin ina ta dubawa har dare, wallahi babu kalmar ko sau ɗaya. Mutumin da kullum shi ke tafiyar da ƙasar, sam ba a ambace shi ba. Washegari na same shi a ofis na ce malam to a ina aka rubuta ikonsa, ya ce min ba a rubuta ba, al'ada ce aka gada daga majalisar Ingila kuma kowa ya yarda ya bi ta, je ka karanta abin da ya faru, ka bar abin da aka rubuta tukuna.

Abin da na gano shine komai a kan majalisar wakilai yake juyawa. Babu wanda ke kaɗa wa firaminista ƙuri'a a faɗin ƙasa, kowa ɗan majalisar mazaɓarsa yake zaɓa, sai wanda mafi yawansu za su tsaya masa ya kafa gwamnati, ranar da suka juya masa baya kuwa ko ya sauka ko a koma zaɓe. A Kanada haka ta faru da firaminista Joe Clark, a Disamban 1979 majalisa ta kayar da shi kan kasafin kuɗi da ƙuri'a 139 da 133, aka yi zaɓe a Fabrairun 1980 Pierre Trudeau ya dawo, Clark wata tara kawai ya yi. Babu tsigewa, babu kotu. Gaskiya wannan ya burge ni, shugaban gwamnati yana zaune cikin 'yan majalisa, 'yan adawa na gabansa suna jefo masa tambaya ido da ido, dole ya miƙe ya amsa.

Sai kuma na faɗa ɗaya ramin, na fara cewa ashe sarki hoto ne kawai, ya sa hannu a doka ya karanta jawabin da gwamnati ta rubuta masa, kamar yadda Sarki Charles na Birtaniya, wanda shi ne kuma sarkin Kanada da Ostireliya, ya je Ottawa babban birnin Kanada a Mayun 2025 ya karanta na gwamnatin Mark Carney. A yawancin kwanaki hakan ne. Amma da na zo kan 1975 jikina ya yi sanyi. Majalisar dattawan Ostireliya, wadda 'yan adawa suka fi ƙarfi a cikinta, ta ƙi sakin kuɗin tafiyar da gwamnati, firaminista Gough Whitlam yana da rinjaye a majalisar wakilai ya ce ba inda za shi, kuɗi na ta ƙarewa, sai ranar 11 ga Nuwamba gwamna janar John Kerr ya miƙa masa takardar sallama ya naɗa madugun adawa Malcolm Fraser riƙon ƙwarya. Fraser ya ci zaɓen Disamba da gagarumin rinjaye, amma ni har yanzu ina ganin Kerr bai kyauta ba, ko ba komai ya kamata ya gargaɗi Whitlam kafin ya zare wuƙar, bai yi ba. Kun ga kenan sashe na 64 ɗin nan da na dogara da shi ba ƙarya ba ne, yana nan a ajiye kamar takobi a kube, kuskurena shine na ɗauka kullum ake zare shi.

Abin da ya ƙara ɗaure min kai, rikicin nan tarayya ce ta haife shi. Majalisar dattawan Ostireliya jihohi take wakilta, yanzu kowace cikin jihohi 6 na da sanata 12, ƙarama da babba duk ɗaya, kuma zaɓarsu ake yi shi yasa suke da bakin ja da gwamnati. Ta Kanada kujera 105 ce kuma naɗa su ake yi, dan haka ba kasafai suke tare hanya ba, ƙarfin lardunan Kanada 10 a gwamnatocinsu yake. Ilimi da asibitoci a hannun larduna suke, kowane lardi da firimiyansa da majalisarsa da wakilin sarki nasa, Ottawa ba ta isa ta kira firimiyan Kebek ta ba shi umarni kamar yaronta ba.

Beljiyam ce ta nuna min amfanin sarkin a fili. Bayan zaɓen 2010 jam'iyyun masu yaren Holand da na masu Faransanci suka kasa daidaitawa, ƙasar ta yi kwana 541 ba sabuwar gwamnati, Sarki Albert na Biyu yana ta naɗa masu shiga tsakani ɗaya bayan ɗaya har Elio Di Rupo ya sha rantsuwar zama firaminista a Disamban 2011. Makarantu ba su rufe ba, dan yawancin waɗannan ayyuka suna hannun gwamnatocin yankuna da na al'ummomin yare, tsohuwar gwamnati kuma na riƙon ƙwarya. Malesiya ma, inda sarakuna 9 ke zaɓar ɗayansu ya yi shekara 5 a matsayin sarkin ƙasa, da zaɓen 2022 bai ba kowa rinjaye ba sarki ne ya tuntuɓi jam'iyyu ya naɗa Anwar Ibrahim. A irin wannan rana ana buƙatar wani wanda ba ɗan kowace jam'iyya ba ne, wanda ba ya neman ƙuri'ar kowa.

Duk da haka akwai abin da bai kwanta min ba, a ce shugaban ƙasarka gadon kujerar ya yi kuma a wata nahiya yake zaune. 'Yan Ostireliya sun yi ƙuri'ar raba gardama a 1999 kan komawa jamhuriya, kusan kashi 55 suka ce a'a, kuma wani ɓangare na masu son jamhuriyar ma a'a suka kaɗa saboda tsarin da aka kawo majalisa ce za ta zaɓi shugaban ƙasa ba jama'a ba. A Kanada kuwa tun gyaran kundin tsarin mulki na 1982, kafin a taɓa kujerar sarki sai majalisun tarayya biyu da majalisun larduna goman nan kaf sun amince.

Malam ya ba ni dama na sake rubuta aikin. Wannan karon da ranar 11 ga Nuwamban 1975 na buɗe, sashe na 61 kuwa sai a shafi na huɗu ya shigo.