Godiya ga Mutanen Unguwarmu Bayan Walimar Zaman Karatu

Assalamu alaikum warahmatullah.

Tun ranar Asabar da muka watse daga walima nake son in rubuta wannan godiya, sai dai duk sanda na zauna sai in rasa wa zan fara ambata. 'Yan'uwana na zaman karatu sun ɗora mini nauyin yin magana a madadinsu, kuma sun roƙe ni kada in kira sunan kowa, domin akasarin waɗanda suka taimake mu ba sa son a bayyana su. To, zan kira kowa da abin da muke kiransa a unguwa, mai abu ya san kansa.

Ga wanda bai san mu ba, mu mata ne goma sha bakwai a wata unguwa cikin Zariya, muna haɗuwa duk Asabar bayan La'asar mu karanta littafin Hausa. Akwai malaman makaranta biyu a cikinmu, akwai mai ɗinki, akwai mai sayar da atamfa, akwai ɗalibai 'yan mata huɗu, sauran kuma matan gida ne da iyayenmu tsofaffi. Shekara biyu ke nan cif da muka fara, a ƙarƙashin rumfar gidan Hajiya Babba. Walimar da aka yi ta cikar shekara biyun ce, kuma ta godiya ga Allah ce da ya mayar da mu rumfarmu bayan abin da ya same mu a damina.

Abin da ya faru shi ne, a cikin watan Agusta aka kwana uku ana marka. A daren na uku indararon ɗakin da muke ajiye littattafai ya toshe, ruwa ya kwanta a kan soro har ya jiƙa azara, kusan asuba gefe ɗaya na rufin ya rufta. Alhamdu lillahi babu kowa a ɗakin. Amma akwatunanmu biyu na littattafai suna ciki, ɗaya na ƙarfe ɗaya na katako, littafi sittin da uku da muka tara da kuɗin adashe, naira ɗari biyar-biyar duk wata. Kafin labari ya iso ni, samarin layinmu da suka fito daga sallar Asuba sun riga sun shiga cikin taɓo har gwiwa sun fito da akwatunan. Ɗaya daga cikinsu ƙusa ta soke shi a tafin ƙafa, bai faɗa wa kowa ba sai da mahaifiyarsa ta ga yana ɗingishi. Yarana, Allah ya yi muku albarka, ya ba ku masu yi muku. Babu ɗayanku da ya taɓa zama a karatunmu, amma kun ɗauki kayan kamar na iyayenku.

Akwatin ƙarfe ya tsira, ruwa kaɗan ne ya shiga ta bakin murfi. Na katakon kuwa ya sha ruwa sosai. Da na buɗe shi na ga shafuka sun manne da juna, jikina ya yi sanyi, na ce a baza su a rana kawai. Maigidan maƙwabciyarmu, wanda ya yi shekaru yana aiki a ɗakin karatu kafin ya yi ritaya, shi ya hana. Ya ce zafin rana yana sa takarda ta kanannaɗe ta yi ƙarfi, bangon kuma ya bushe ya tsage. Ya koya mana a tsayar da littafi a inuwa inda iska ke kaɗawa, a riƙa sa farar takarda tsakanin shafuka ana canzawa in ta jiƙe, in ya kusa bushewa sannan a danne shi da abu mai nauyi. Mako guda falon gidansa ya koma shanyar littafi, matarsa ta kwashe kujerunta ta ba mu wuri, muka danne wasu da dutsen niƙa wasu da turmi. Baba, mun gode. Da ba don kai ba da fumfuna ta cinye rabinsu. A ƙarshe tara ne kawai suka lalace har ba sa karantuwa.

Sai mai ɗinkin littafi na bakin kasuwa, dattijon nan da ke ɗinke wa almajirai littattafansu. Ya karɓi guda goma sha huɗu da bangonsu ya rabu, ya ɗinke su da zare, ya yi musu sabon bango da kwali da ƙyalle. Da muka je biya ya ce kuɗin zare kawai zai karɓa. Allah ya ƙara wa hannunka albarka, Malam.

Yanzu bari in zo kan wadda saboda ita na fi son rubuta wannan saƙo, wato Inna. Inna ba ta yi boko ba, ba ta iya haɗa baƙi ɗaya na boko, kuma idanunta sun yi rauni shekaru da dama. Amma ita ce ta sa zaman namu ya zama abin da ya zama. Da farko tsarinmu shi ne kowa ta tafi da littafi gida ta karanta, ranar Asabar a zo a tattauna. Wata biyu muna haka, abin yana ta ja baya, domin littafi ɗaya ne ko biyu a hannun mutum goma, kuma mace mai girki da wanki da yara ba kullum take samun sukunin buɗe shafi ba. Sai ranar nan Inna, da take zaune a gefe tana gyaran zogale, ta ce mana, "Ku 'yan nan, in labari ne ku karanta da ƙarfi mana kowa ya ji." Daga ranar muka koma karatu a bayyane. Mutum ɗaya ta riƙe littafi ta karanta shafi biyar ko shida, ta miƙa wa ta kusa da ita. Wadda ba ta iya ba ta saurara, kuma bakinta a tattaunawa daidai yake da na kowa. A cikin wata guda muka tashi daga mu takwas zuwa goma sha biyar, kuma biyar daga cikin sababbin ba su taɓa shiga aji ba.

Ni malamar makaranta ce, na yi shekaru ina koyar da Hausa, amma a bakin Inna na fahimci abubuwa da dama da na sha karantawa ina wucewa. Lokacin da rufin ya faɗi muna tsakiyar Shaihu Umar ne, littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya rubuta tun yana malamin makaranta, shekaru da yawa kafin ya zama Firayim Minista. Mun kai inda uwar Umar ta bar gida ta shiga duniya neman ɗanta har ita ma ta faɗa hannun masu cinikin bayi. Mai karatu ta ɗaga kai sai ta ga Inna tana share hawaye da gefen mayafi. Ta ce kakarta ta ba ta labarin ƙanwarta da mahara suka ɗauke a gona, ba a sake jin ɗuriyarta ba. Ta kwatanta mana yadda ake hana yara nisa da ganuwa, da yadda uwa kan kwana tana kiran sunan ɗan da ya ɓace. Ranar ba mu ƙara shafi ko ɗaya ba. 'Yan matanmu da suke ganin bauta abu ne na jarrabawar tarihi sun tashi jikinsu a sanyaye. Kwafinmu na wannan littafi yana cikin taran da suka lalace, kuma Inna ce ta kwance bakin zanenta ta ba da kuɗin da aka sayo wani, ta ce ba za ta yarda a bar matar nan a hanya ba sai ta ji ko ta ga ɗanta. Mun kai ƙarshe a ɗakin Innar, ta ji sun haɗu, ta kuma ji uwar ba ta daɗe ba bayan haɗuwar. Ta yi shiru, can ta ce Allah ya jiƙan iyaye mata. Inna, Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana, ya sa ki gama da duniya lafiya.

Wata uku muna zama a ɗakinta kafin a gama gyara. Ɗaki ne ƙarami, muna zaune gwiwa na gugar gwiwa, amma ko sau ɗaya ba ta nuna mun takura mata ba.

Ina kuma godiya ga 'yan'uwana na zaman bisa haƙurin da muka yi da juna wajen zaɓen littafi, don nan ne aka fi samun saɓani. Mun buɗe da Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda littafi na farko ya fito a 1937, kuma babu wadda ta yi gardama, saboda labaran da aku ke ba Musa gajeru ne, ana gama ɗaya ko biyu a zama guda. Ya kuma yi mana daɗi da muka tuna cewa a garin nan namu aka yi aikin. A nan Zariya Hukumar Fassara take lokacin da Rupert East ya shirya gasar 1933 da ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, a nan kuma aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, Imam yana editanta. Amma bayan wata shida 'yan matan suka ce sun gaji da sarakuna da waziri, suna son labarin da mace ta rubuta game da mace. Wasu daga cikin manyanmu suka ƙi, suka ce littattafan soyayya ba abin karantawa ba ne a gaban iyaye. An yi mako biyu ana ja, har mutum biyu suka daina zuwa.

Ra'ayina a lokacin, kuma har yau, shi ne 'yan matan suna da gaskiya. Ba daidai ba ne a yi wa rubutun mata kuɗin goro alhali ba a buɗe shi ba. Akwai marar kyau a ciki kamar yadda yake a kowane fanni, akwai kuma wanda ya faɗi gaskiyar zaman aure da kishi da auren dole fiye da yadda muke iya faɗa da bakinmu. Goggo ce ta raba gardamar. Ta ce a riƙa yin karɓa-karɓa, manya su zaɓa sau ɗaya, yara su zaɓa sau ɗaya, kuma duk littafin da aka kawo mutum biyu su fara dubawa a gida kafin a karanta shi a bainar jama'a. Da haka muka ɗauki So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, wanda ya fito a 1980, wato ya girmi duk 'yan matan da suka nema. Waɗanda suka fi ƙin abin da farko su suka fi kowa zafi a muhawarar ko iyaye suna da ikon hana 'yarsu wanda take so saboda ba ƙabilarsu ɗaya ba. Goggo da kanta ta bi waɗanda suka yi fushi har gida ta dawo da su. Goggo, Allah ya saka miki da alheri, ya bar zumunci.

Da azumi mukan ajiye ƙagaggun labarai mu koma waƙa. Bara mun bi wani sashe na Imfiraji na Aliyu Namangi, makahon malamin nan na Zariya, kuma a nan tsofaffinmu suka fi mu, domin da yawansu sun haddace baitoci tun suna yara daga bakin masu bara. Mu muna bin takarda, su suna gyara mana kari.

Hajiya Babba, ke kuma ban san da wane baki zan gode miki ba. Ɗakinki ne ya rushe, asararki ta fi tamu nesa ba kusa ba, amma da na iso da safen nan abin da kika fara tambaya shi ne ko littattafan yara sun tsira. Shekara biyu kina share rumfa, kina shimfiɗa tabarmi, kina ajiye mana ruwan randa mai sanyi, ba ki taɓa karɓar ko sisi ba. Da aka zo gyara kika sa magini ya fitar mana da kanta a jikin bango, sama da ƙasa sosai, don kada ruwa ya sake kaiwa ga littafi. Allah ya gina miki gida a Aljanna.

Muna godiya ga Mai Unguwa da ya zo da kansa ya duba ɓarnar, ya kuma yi magana aka yashe kwatar layin da ta daɗe a toshe. Muna godiya ga Liman da ya buɗe mana walima da addu'a. Mazajenmu da suka ba mu izinin fita duk Asabar, wasunsu har suna tambayar inda labari ya tsaya, Allah ya ƙara buɗi. Waɗanda suka dafa waina da miyar taushe, da wadda ta kawo zoɓo da kunun aya, da yaran da suka ɗauko kujeru daga islamiyya suka mayar, duk mun gani. Wani bawan Allah ya aiko da littafi goma sha ɗaya a cikin kwali ta hannun ɗan acaɓa, bai sa suna ba. In kana karanta wannan, sun iso lafiya, mun rubuta su a rajista, Allah ya sa a mizani.

Abin da ya fi faranta mini rai a walimar shi ne lokacin da ɗaya daga cikin matan da suka shigo ba su san baƙi ba ta miƙe ta karanta rabin shafi da kanta. Ɗalibanmu ne suka riƙa zama da ita minti ashirin kafin a fara zama, wata da watanni, ba tare da sun sanar da mu manya ba. Ta yi tuntuɓe a wuri biyu, ta koma ta gyara, ta kai aya. Inna ce ta fara yin guɗa.

In Allah ya kai mu, zama na gaba ranar Asabar ne bayan La'asar a rumfar Hajiya Babba, kuma zaɓen wannan karo na 'yan mata ne. Duk matar da ke son zuwa ta zo, ko ta iya karatu ko ba ta iya ba, ta taho da tabarmarta in tana da ita don namu sun yi kaɗan. Har yanzu muna neman Magana Jari Ce littafi na uku, namu yana cikin waɗanda ruwa ya ci. Wadda take da shi a gida ta ara mana, za mu yi masa bango mu mayar mata.

Wassalamu alaikum.