Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Alkawarin da na yi da bakin magani

Makon jiya na tsaya a inda na gama makarantar koyon aikin lafiya na koma gidanmu a unguwar Birni ta Damagaram, wata bakwai ba aikin fari ba na baƙi, sai ɗibar ruwa. Wanda ya san Damagaram ya san ɗibar ruwa ma sana'a ce: tun asuba a jera jarkoki a bakin famfo, wata rana har hantsi ya dubi ludayi ba a ga ɗigo ba. Ana cikin haka, a 2011, wata ƙawata ta zo mini da labarin ana neman masu awon yara a ƙauyukan Matamaye.

Inna ba ta so ba. Ta ce, "Ke da ba ki taɓa kwana wani gida ba, ki kama hanyar daji da baƙin mutane?" Baba ne ya raba gardamar daga kan buzunsa: "Ki bar ta. Ba don ta riƙa gadin jarka muka kai ta lakwal ba."

Aikin na binciken amodari ne, ciwon idon nan da ƙuda da ƙarancin ruwa ke yaɗawa, wanda in ya daɗe yake juyar da gashin ido ciki ya yi ta kartar ƙwayar har mutum ya makance. Masana daga Jami'ar Kalifoniya ta San Faransisko a Amurka ke jan ragamarsa, tare da Cibiyar Carter da hukumar lafiyar ido ta ƙasarmu Nijar. An fara shi a 2010 a ƙauyuka 48. Wasu ƙauyukan ana ba kowa da kowa maganin azitromisin sau ɗaya a shekara, wasu kuma yara 'yan shekara 12 zuwa ƙasa kaɗai ake ba, amma sau biyu. Da doguwar sanda mai zane-zane ake auna tsawon yaro a san yawan abin da zai sha. Ƙanana su sha na ruwa, manya ƙwaya, jarirai 'yan ƙasa da wata 6 kuwa man shafawa ake sa musu a ido.

Mu namu ɓangaren ba ido ba ne. Masanan sun so su san ko maganin, tunda yana kashe ƙwayoyin cuta iri-iri a jiki, zai sa yara su fi girma da ƙiba. Sai aka ba mu sikeli, da allon awon tsawo, da ɗan zaren nan mai launi uku da ake ɗaurawa a damtse. Kore lafiya lau, rawaya a yi hattara, ja kuwa, wato ƙasa da milimita 115, tamowa ce mai tsanani. Kowane awo sau uku ake yi. Da farko na ɗauka ɓata lokaci ne, sai da na ga yaro ɗaya ya ba ni tsawo iri uku saboda wutsil-wutsil da ƙafa.

Abin da ya fi ɗaure wa mutane kai shi ne yadda aka raba ƙauyukan. Wani mai gari ya tsare shugaban ayarinmu a zaurensa, ya ce a gaya masa laifin da suka yi aka ba maƙwabtansu sau biyu, su sau ɗaya. Ni ke fassara. Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, ƙuri'a aka yi, ba wanda ya zaɓa." Ya ce to me ya sa likita da iliminsa zai koma ƙuri'a kamar masu rabon naman watanda? Shugabanmu ya ce in gaya masa: da sun san wanne ya fi, da ba su zo ba. In mutum ne ya zaɓa, zai ɗauki ƙauyukan bakin hanya ko na abokansa, ƙarshe ba za a san ko magani ne ya yi aiki ko kusanci da asibiti ba. Tsohon ya yi shiru, sannan ya ce shi dai bai taɓa jin likita ya ce bai sani ba, don haka ya yarda.

Ba ko'ina aka karɓe mu haka ba. Matamaye ba ta da nisa da iyaka, mutane na zuwa Daura da Kano kamar zuwa bayan gida, kuma labarin gwajin maganin sanƙarau da aka yi wa yara 200 a Kano a 1996, inda 11 suka rasu, bai bar bakin mutane ba. Akwai gidan da mai gidan ya ce ko ƙofar zaure kada mu taka. Muka wuce. An ja mana kunne tun farko cewa wanda ya ƙi ya ƙi, ba lallashi, ba tsoratarwa, kuma sai an karanta wa iyaye bayanin da Hausa sun amince kafin a taɓa yaro. Ni a ganina, duk wanda ya kira irin wannan tsoron jahilci bai san tarihin wurin ba.

Sai ranar da na yi abin kunyar da ya sa nake rubuta wannan kashin.

Wata mata ce ta zo can da yamma, mun kusa tattara kaya, da yaro a goye. Da ta sauke shi sai gabana ya faɗi. Gashin kansa ya yi ja ya yi laushi, fatar cinyarsa ta yi yaushi kamar ta tsoho, ba ya ko kuka. Na ɗaura zaren, ya tsaya cikin ja. Na sake, ja. Ni kuwa ba yaron nake gani ba, autanmu nake gani, wanda muka rasa a yunwar 2005, bayan fari da fara sun haɗu sun cinye amfanin gona a 2004, har mutanen karkara suka koma cin anza. Ina 'yar shekara 15 lokacin, ni ke goya shi.

Matar ta ce, "Malama, wannan maganin na ruwa da ake ba su, zai sa ya yi ƙiba?"

Na ce, "Zai sa, Yaya. Ki kwantar da hankalinki, in Allah ya yarda zai murmure."

Fuskarta ta saki. Na ba ta takardar zuwa asibitin yankin, inda ake gwada ko yaro na iya cin abinci, a ba shi kunun gyaɗar nan na leda, Plumpy'Nut, a riƙa auna shi mako-mako. Ta karɓa ta ƙulle a bakin zane ba ta ko duba ba. Me za ta je yi tafiyar rabin yini a kan amalanke, alhali Malama ta ce maganin da ake kawowa har gida ya wadatar?

Ashe shugabanmu na bayana yana ji, kuma yana jin Hausa fiye da yadda yake nunawa. Bai ce komai ba sai da muka shiga mota muka kama hanyar garin Kance. Ya ce, "Ɗiyata, wa ya gaya miki zai sa ƙiba?" Na ce ai ni da idona na ga yaran ƙauyukan da ke sha sau biyu sun fi kumari. Ya ce, "Da ido na iya wannan aikin, da ba mu ɗauko sikeli ba."

Gaskiyarsa. Da aka fitar da sakamakon awon namu a 2013, ba a ga wani bambancin kirki a girma ko ƙiba tsakanin ɓangarorin biyu ba. Idona ya nuna mini abin da zuciyata ke so ne kawai. Abin mamaki, da waɗannan masanan suka yi wani babban bincike a jihar Dosso da Malawi da Tanzaniya, wanda ya fito a 2018, sai aka ga raba maganin sau biyu a shekara ya rage mutuwar ƙananan yara da kusan kashi 18 cikin 100 a Nijar. Yana hana wasu mutuwa, amma ba ya zama abinci. Kuma har gobe ana fargabar yawan rabonsa zai sa ƙwayoyin cuta su daina jin magani.

Amma a cikin motar nan ba mu san ko ɗaya daga cikin wannan ba. Abin da shugabanmu ya sani shi ne akwai yaro mai jan awo da uwarsa ba za ta kai shi asibiti ba saboda maganata. Ya ce wa direba ya juya. Direba ya yi gunaguni, ga magariba ta kawo jiki, ga yashi, ga mai ya yi ƙasa. Ya ce a juya dai, kuma ni zan shiga gidan, ni kaɗai, in warware abin da na ƙulla.

Mun iso ana kiran salla. Wata yarinya ta nuna mini dangar gidan. Na yi sallama sau biyu, sai na ji muryar namiji daga ciki yana tambayar wace ce, kuma na gane muryar: mutumin nan ne da ya kore mu da safe.

Mu haɗu mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.